Ƙwarina a Layin Rabon Dawa

Ba zan taɓa mantawa da waccan Larabar ba, ko da zan tsufa har in fara rikita sunayen jikokina. Ita ce ranar da na tsaya a gaban mutanen gari guda, kowa da yunwa a cikinsa, na buɗe kayena, wato littafin rubutuna, na karanta musu da bakina cewa ƙwaro uku ne suka shiga furen kabewa ranar Talata da safe. Har gobe in na tuna sai in ji ƙeyata ta yi zafi. Amma bari in faro muku daga tushe, don in na shiga ta tsakiya za ku ɗauka taɓin hankali ne ya same ni, kamar yadda mutanen garin suka ɗauka.

A shekarun farin nan ne, karo na biyu. Na fito daga makarantar horon malamai da ɗanyen kai, aka tura ni koyarwa a lakol, wato makarantar boko, ta wani ƙauye a bakin tafkin Gidimuni. Ni ɗan unguwar Birni ne a Damagaram, ɗan dukawa, a cikin warin fata na tashi. Abin da na sani game da gona bai wuce cin gasasshiyar masara ba. Amma ina da wando mai kari, da rufaffen takalmi, da bik biyu na rubutu a aljihun riga, ja da shuɗi. Kowa Mushe yake ce min, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, ni kuwa ji nake kamar ni na kawo boko ƙasar.

Damina biyu ta wuce gero bai fitar da kai ba. Tafkin ya ja baya ya bar laka tana tsattsagewa, amma in mutum ya haƙa kamu huɗu zai tarar da ruwa. Shi ya sa kowa ya koma noman rani, aka yi ta kafa garake a bakin tafkin. Sai kuma ga mutanen arewa, daga wajen Damagaram Takaya, waɗanda dabbobinsu suka ƙare, sun sauko da 'yan komatsansu. Mai gari ya yanka musu fili ta gabas, suka kafa bukkoki da zana da tsummoki. Bukka goma sha huɗu ce, kowace da 'yar garkarta. Baƙi ake ce musu.

Lakol ma tana da garka, kuma da yake ni ne ƙarami a cikin malamai, ni aka ɗora wa. Muka shuka kabewa da wake da kuɓewa. Yabanya ta yi kyau, kabewa ta yaɗu, fure rawaya ko'ina. Amma ɗan da ke gindin furen sai ya kai kamar ƙwan kaza, ya yi rawaya, ya faɗi. Haka a garkarmu, haka a ta kowa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce baki ne, wasu suka ce irin ne ba shi da kyau. Ka yi ta jan ruwa da guga har bayanka ya ƙage, ganye kawai za ka ci.

Ni kuwa sai na lura da wani abu. Amyoyin da ke rataye a kan itatuwan gawo duk sun zama kango, ƙudan zuma ya gudu ya bar ƙasar kamar yadda mutane suka gudu. Sai wani darasi ya faɗo min a rai, wanda rabinsa a cikin gyangyaɗi na ji shi: fure ba ya zama ɗa sai ƙwaro ya ɗebi garin wani fure ya kai wa wani. Malamin ya kuma ce ƙudan zuma yana da dangi waɗanda ba su da amya, ba su da sarki, ba sa yin zuma. Kowace uwa ita kaɗai take neman raminta a itace ko a kara, ta tara abinci, ta yi ƙwai, ta toshe bakin ramin da laka ko da ganye.

Ina na taɓa ganin irinsu? A ɗakina. Rufin ɗakin da aka ba ni da itacen tumfafiya aka yi shi, kuma kullum safe wani baƙin ƙwaro ƙato, mai rawayan gashi a ƙeya, sai ya zubo min garin itace a cikin koko. Wata uku ina binsa da takalmi ina tsine masa. Ashe maganin da gari yake nema ne nake jifa.

Na sari tumfafiya (ita kaɗai ce abin da ba a rigima a kansa a shekarar, ko akuya sai ta rasa yadda za ta yi take taɓa ta), na yayyanka guntu-guntu, na huhhuda da ƙusa mai zafi. Na haɗa da busassun hannayen gwanda masu rami a ciki, na ɗaure dami guda, na rataye a jikin shingen garkar lakol yana kallon gabas. A ƙarƙashinsa na ajiye kasko da jiƙaƙƙiyar laka. Sati biyu babu komai, sauran malamai suna ta yi min kallon tausayi. A sati na uku na tarar an toshe rami biyu. Bayan 'yan kwanaki kabewa ɗaya ta kama, ta wuce ƙwan kaza, ta kai dunƙulen hannu, ba ta faɗi ba.

To fa, nan kaina ya kumbura. Na ce wannan ba abin da za a bari a garka ɗaya ba ne. Zan rataye a garake da yawa, in ƙidaya, in rubuta rapor, wato rahoto, in aika wa sufeton lakol, shi kuma ya aika Yamai. Har na fara tunanin rigar da zan sa ranar da za a kira ni.

'Yan gari ban tunkare su ba, don na san bakinsu. Wajen baƙi na nufa, su da ba su da ƙarfin musu da kowa. Na ɗaura dami goma sha huɗu. Na yanka karto, wato kwalin alli na lakol, na rubuta lamba da jan bik, na ɗaura wa kowane dami tasa. Na sayi sabon kaye, na ja masa layi-layi da rula.

A bukka ta bakwai na tarar da Iya Falmata. Tsohuwa ce Babarbariya, doguwa, ba ta da yawan magana. Mijinta ya rasu, ɗanta ya tafi Kano neman abin kaiwa baki bai aiko ba tukuna, ya bar mata matarsa da goyo da yara uku. Na same ta tana sauya wa dilo ruwa, 'ya'yan anzar nan da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin ɗacinsu ya fita. Shi ne abincinsu. Ta dubi damin, ta dubi lambar, ta dube ni.

"Mushe, wannan na mene ne?"

Na dubi bukkarta, zana uku da tsohon bargo. Na dubi tukunyar dilo. Ta yaya zan buɗe baki in ce wa matar da ba ta da ɗaki na gina wa ƙwaro ɗaki? Na sha gaya wa kaina tausayi ne ya hana ni, amma yau da na tsufa zan faɗi gaskiya: tsoron dariya ne. Ban so a ce Mushe mai wando ya zo yana wasan yara. Sai na gyara tsayuwa na ce, "Aikin hukuma ne, Iya. Ki kula da shi sosai, kada lambar nan ta ɓace."

Ta ce, "Ba za ta ɓace ba, in Allah ya yarda."

Da na ga maganar ta yi aiki, sai na maimaita ta a sauran bukkokin. Na buɗe kaye na yi ta tambaya: sunan mai garka, garin da ya fito, abin da ya shuka, baki nawa ne a gidan, akwai mai goyo, akwai tsoho. (Kada ku tambaye ni abin da ya haɗa ƙwaro da mai goyo. Babu. Layukan da na ja ne suka yi yawa, na ga bai kamata a bar su fanko ba.)

Yanzu ku duba min. A shekarar da ake rabon taimakon abinci, mutum mai wando ya zo maka da kaye, ya tambayi yawan bakin gidanka, ya bar maka kwali mai jar lamba, ya ce aikin hukuma ne. Duk faɗin ƙasar babu wanda bai san ma'anar wannan ba sai ni, mai ilimin.

Kullum bayan asuba, kafin a buga ƙarfen lakol, sai in zaga garakan baƙi. In tsuguna a gaban dami, in duba montur, agogon hannuna, in ƙidaya masu shiga da masu fita na 'yan mintoci, in rubuta. Ban da manyan baƙaƙen ƙwarin nan, sai ga wasu ƙanana sun zo, masu yanko ganyen wake zagaye kamar an sa almakashi, su shige rami da shi a ƙafa. Daɗi ya ishe ni. Su kuma baƙi, da suka ga ina tsugunawa ina rubutu kullum, sai suka ɗauka duba lambobin nake yi ko an kula da su. Aka fara shimfiɗa min tabarma. Dattawan da suka haife ni suna russunawa su gaishe ni. Na ga haka, na ce lallai mutanen arewa sun san darajar ilimi.

Wata safiya Iya Falmata ta miƙo min ƙwan zabuwa biyu a ƙulle a bakin zane, ta ce a daji ta tsinto. Na yi 'yar kara ta baki kawai, na karɓa. Na soya su da man gyaɗa na cinye ni kaɗai, har da suɗe cokali.

Kuma kada in ce ban samu gargaɗi ba. Mai shela ya zaga gari yana cewa kamyon dawa, babbar motar taimakon abinci, yana tafe, duk baƙon da ba ya cikin takardar gari ya je ƙofar mai gari ranar Juma'a a rubuta shi, daga ranar an rufe. Washegari ina tsugune a garka ta tara, na ji da kunnena mai garkar yana ce wa maƙwabcinsa, "Mu ai ba sai mun je ba, Mushe ya gama mana tuntuni." Wani abu ya ɗan taɓa min zuciya. Amma a daidai lokacin wata uwar ƙwaro ta sako kai da guntun ganye, ban so ƙidaya ta kuɓuce min ba. Na rubuta "biyar", na tashi na tafi lakol.

Ranar Laraba kamyo ya iso. Aka kafa tebur a gindin tsamiyar ƙofar mai gari. Komi, wato magatakardan da superefe mai mulkin yankin ya turo, ya zauna da tabarau da takardunsa, ga gardi, dogarin hukuma, a tsaye da sanda, ga buhunan jar dawa a jibge. Da aka tashi yara, na sa rigata mai kyau na je na tsaya kusa da komi ina yi masa Faransanci da ƙarfi, don dai a san akwai wanda ya iya a garin.

Ana ta kiran suna, ana auna dawa da tiya, layi yana raguwa. Can na ɗaga kai na hangi ƙarshen layin. Mutum goma sha huɗu, kowa da damin itace, wasu a ka, wasu a rungume kamar jariri. Tun daga nesa na gane ƙullin igiyata. Na bar Faransancin nan take. Na duba hagu, na duba dama, jama'a ta kewaye ko'ina, ba hanyar sulalewa.

Komi ya kira sunan ƙarshe ya rufe takarda. Iya Falmata ta matso, ta durƙusa, ta ɗora daminta a kan tebur, ta sa yatsa ta gyara karton don lambar ta fito sosai.

"Lamba bakwai, ranka ya daɗe."

Komi ya dubi damin ta saman tabarau. "Wannan fa, Iya?"

"Takardarmu ce. Mushe ya rubuta mu tun wata biyu da suka wuce. Ba mu bari ko raɓa ta taɓa ta ba."

Duk wani kai da ke wurin ya juyo wajena. Kafin in haɗa kalma biyu, sai ga baƙar uwar ƙwaron nan ta fito daga damin, ta gaji da jijjigar da aka yi mata a hanya. Ta yi ƙugi, ta zaga kunnen komi, ya sunkuya har tabaransa ya faɗi. Gardi ya jefar da sanda, ya cire hula ya fara kai mata duka. Ni kuma, da ya kamata in yi shiru in nemi ramin shiga, sai na ji muryata ta cika fili:

"Kada a kashe ta! Ƙwai gare ta a ciki!"

Wallahi haka na ce. A gaban mutanen da rabonsu da tuwo an manta, kukan ƙwaro na fara yi.

Komi ya ɗauki tabaransa ya goge. Mutum ne mai sanyin hali, kuma sanyin nasa ya fi duka ciwo. Ya ce in ba shi kayen. (Yana aljihuna, ko makewayi da shi nake shiga.) Ya buɗe ta tsakiya, ya karanta shafi ɗaya, ya karanta na biyu. Sannan ya miƙo min, ya ce a hankali, "Mushe, tunda su aka rubuta, karanta musu da Hausa su ji."

Gumi ya karyo min har cikin takalmi. Na karanta. "Garka ta bakwai. Talata da safe. Manyan baƙaƙe uku sun shiga furen kabewa. Ƙanana masu ganye, biyar. An toshe rami biyu da laka."

Sai wani mahauci daga cikin 'yan gari ya tuntsire da dariya, ta bazu kamar wutar kara, har mata suna riƙe juna. Baƙi kam babu wanda ya yi dariya. Suna tsaye da damunansu suna kallona.

Iya Falmata ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mushe, ƙwaron ka rubuta?"

Na ce, "E, Iya."

"Mu fa?"

Na dubi kayen da ke hannuna.

Sai ta ce, "Da na sani da mai goyo na ba wa ƙwan nan."

Da mari ta yi min da ya fi min sauƙi. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar a wannan lokacin ba. Mai gari ya taso a fusace, ya ce ranar Juma'a har la'asar ya zauna yana jiran baƙi babu wanda ya zo, ashe ni na tare su. Komi ya ce shi ba shi da yadda zai yi, dawar a ƙidaye take da sunayen da aka kai, wanda ba ya cikin takarda ba shi da ko ƙwaya. Gida goma sha huɗu ke nan za su koma kan dilo saboda na ji tsoron a yi min dariya. Ga dariyar kuma an yi.

Da yake babu sauran mutuncin da zan kare, sai bakina ya buɗe. Na ce, "Ranka ya daɗe, su ma suna ciki. A duba shafukan farko."

Ban jira izini ba, na juya na fara karantawa da ƙarfi. "Lamba ɗaya, Malam Ari, baki takwas, da tsohuwa makauniya." Daga cikin layi aka ce, "Ni ne." Na ci gaba. "Lamba bakwai, Falmata, baki shida: ita, da mai goyo, da jariri, da yara uku." Ta ce, "Haka ne." Na bi su ɗaya bayan ɗaya har sha huɗu, kowa da garinsu, kowa da yawan bakinsa, babu inda aka ce na yi kuskure. Dariya ta ɗauke.

Komi ya karɓi kayen ya daɗe yana dubawa. Ya ce tun da ya fara yawon rabo bai ga ƙauyen da aka rubuta mutane dalla-dalla haka ba, har da masu goyo. Ya ce in mai gari ya shaida, za a iya sa su a zuwa na gaba, amma sai an kai takardar Miriya, inda ofishin superefe yake, an sa hannu, kuma shi ba zai ɗauki wahalar kowa ba, wanda ya ɓata shi zai kai. Mai gari ya shaida. Sannan ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya ce kowane gida ya zuba wa baƙi ɗan abin da ya sawwaƙa daga rabonsa, su riƙe ciki kafin nan.

"Kuma Mushe ne zai fara," in ji shi.

Malamin lakol ba shi da rabo a dawar. Abin da nake da shi rabin buhun gero ne da mahaifiyata ta aiko min daga Damagaram. Babu wanda ya ce bari in ɗauko maka. Ni na ratsa gari da shi a ka, da wandona mai kari, da rufaffen takalmina, bik biyu suna leƙe daga aljihu, na zo na juye a tabarma. Mahaucin nan har da yi min sannu da aiki.

A bayan kamyon na tafi Miriya, a kan buhunan da aka zazzage. Kwana uku na yi a can. Na kwafe sunayen sau uku da rubutuna mafi kyau, ban sa ƙwaro ko ɗaya ba. Na dawo da takarda mai tambari a cikin riga, ina taɓa ta kowane lokaci kamar laya. Da kamyo ya dawo bayan sati uku, Malam Ari aka fara kira. Ina daga nesa a bayan tsamiya, na ga Iya Falmata ta tara zane ana auna mata tiya bayan tiya, rabon baki shida. Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba.

Amma kafin wannan ranar sai da na yi abin da ya fi zuwa Miriya wuya. Na bi bukkokin ɗaya-ɗaya na ba da haƙuri, na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun farko. A wajen Iya Falmata na tsuguna na yi gaisuwa har sau uku kafin ta amsa. Damin yana jefe a gefen murhu, saura kaɗan ya zama makamashi. Na yi mata bayanin fure da garin fure. Na ce kowace uwa ita kaɗai take haƙa raminta, ita take ɗebo abinci, ita take toshe wa 'ya'yanta ƙofa.

Ta ce, "Mijin fa?"

Na ce, "Ba ya taimaka mata da komai, Iya."

Ta daɗe tana kallon damin. Sannan ta ce, "To ai 'yar'uwata ce. Mayar da shi inda yake." Na tashi zan rataye, ta ƙara da cewa, "Da haka ka ce min tun farko, da na ce maka na ga kabewa huɗu sun kama a ƙarƙashin ganye. Na ɗauka ba abin da ya dami hukuma ba ne."

Daga ranar na samu abokiyar aiki, kuma ta fi ni iyawa. Ita da tsakuwa take ƙidaya, tana jefawa a sakaina tana ban ruwa. In na ce uku sai ta ce, "Huɗu ne. Kana kallon montur ɗaya ta shige." Ita ta gane cewa sun fi son damin da rana ba ta dukansa da azahar, muka matsar da duka sha huɗun zuwa inuwa. Wasu ramukan sun lalace a jijjigar ranar Laraba, amma kafin sanyi ya wuce an sake toshe su, har sai da na ƙara sababbin damuna.

Sai ku zo ku ga garakan baƙi a ƙarshen rani. Kabewa kwance kamar tukwane, wake ya yi nauyi har yana jan shinge. A ɓangaren 'yan gari kuwa, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, iri ɗaya, sai ɗai-ɗai. Wani Bakano mai saye a kasuwar Damagaram ya zo neman albasa, ya ga kabewar, ya manta da albasa, ya yi ta musaya da gero. Ni kuwa ina zagawa hannu a baya kamar ni na yi furen.

Ranar da ta fi min daɗi ita ce ranar da na ji sallama a ƙofata, na fito na tarar da mahaucin nan. Ya yi ta kewaye-kewaye, gaisuwa kan gaisuwa, ya tambayi lafiyar mutanen Damagaram har da waɗanda bai sani ba. Can ya ce ko akwai ragowar ɗan itacen nan mai huji. Na ce akwai, amma sai ya faɗi sunansa. Ya ce sunan me? Na ce sunan abin da yake so. Ya waiga ya ga babu kowa, ya ce can ƙasa-ƙasa, "Gidan ƙwaro." Na ce ban ji ba. Sai da ya faɗa sau uku na ba shi. (Na sani ba hali mai kyau ba ne. Ban yi nadama ba.)

Rapor ɗin ban taɓa aikawa ba, Yamai ba ta san da ni ba. Abin da na samu shi ne suna: Mushe Ƙwaro. Ya riga ni isa Damagaram. Da na je hutu, mahaifiyata ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Duk shekarun nan da muka yi muna kai ka lakol, ashe ƙidayar ƙuda ka koyo. Kuma da gerona."

Ana gobe baƙi za su koma arewa, bayan ruwan farko ya sauka, Iya Falmata ta zo ƙofata da kabewa a ka, wadda ta fi kowace girma a garkarta. Ta ɗaura mata karton nan a wuya, jar lambar ta kusa gogewa. Ta sauke ta ce, "Ɗauko kayen ka rubuta."

Na ɗauko na rubuta.

"Karanta min abin da ka rubuta."

Na karanta: "Falmata, lamba bakwai, ta kawo wa Mushe kabewa."

Ta gyaɗa kai. "Ka manta ƙwan zabuwa biyu. Sa su."

Na sa. Na sake karanta mata, ta tabbatar sun shiga, sannan ta yi dariya, karo na farko da na ga haƙoranta. Washegari ta kwance damin nata daga shingen garkarta ta tafi da shi arewa.

Tun daga lokacin ban sake buɗe kaye a gaban mutum ba sai na gaya masa abin da zan rubuta. Yanzu na daɗe da ajiye alli, amma a 'yar garkar gidana a Damagaram akwai dami uku a rataye, kuma har yau ina tsugunawa da safe in gwiwa ta yarda. Duk baƙon da ya tambaye ni na mene ne, ko surukina ne, ko limamin unguwa, sai in dube shi ido cikin ido in ce, "Gidan ƙwaro ne." Yakan yi dariya, in bar shi ya yi. Wannan ta minti biyu ce. Waccan dariyar da na so in yi wa wayo, shekara arba'in ke nan ana yi min ita.